Sunan Wa Ta Ci?

A ƙasarmu, daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, idan mata suka shiga gidan suna, kafin su tsaya duba ko jaririya ta ɗauko hancin uba ko goshin uwa, abin da suke fara tambaya shi ne sunan wa ta ci. 'Yan shekarun nan tambayar ta soma rasa amsa. Sai ka ji mai jego ta ce, "Ba ta ci sunan kowa ba, daɗinsa muka ji." Duk sanda na ji haka sai raina ya sosu, kuma na gaji da yin shiru.

Yanzu ana jibi suna yaro zai zo ya durƙusa ya gaishe ka, ya zaro waya daga aljihu. "Baba, a taya mu zaɓe. Samira, ko Munira, ko Nadira?" Ka ce masa, "To ɗana, wace ce Samira a danginku, ko a cikin magabata?" Sai ya ce ai yayarta Amira ce, so suke sunayen su tafi tare. Haka za ka tarar da 'yan mata uku a gida guda, uwa ta ƙwala kira daga madafi, ko dai duka su amsa, ko kowacce ta yi gum ta ce ba da ita ake ba. Sunayen ba su da aibu, ma'anarsu ma mai kyau ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kunne kaɗai aka bari ya yi zaɓen.

Ni gwaggona ce ta goye ni, a wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin rake na ƙasar Makarfi. Ta yi ta haihuwa, babu wanda ya tsaya. Da kuɗin kaɗi da na mazarƙwailar da take kasawa a ƙofar gida ta ɗinka mini rigar saukar karatu. Sunanta na yanka Rahinatu. Bayan rasuwarta aka haifi mace a gidanmu, manya suka ce a mayar da sunanta. Dangin uwa suka ce ya tsufa, a sa Rahama, ai kusan duk ɗaya ne. Har yau ina ganin safiyar nan: tabarmi a ƙofar zaure bayan asuba, goro a faranti, rago ɗaure a gindin darbejiya, liman ya sunkuyo aka raɗa masa, sanƙira ya ɗaga murya ya ce Rahama, guɗa ta tashi daga cikin gida. Suna ne mai albarka, yarinyar ma Allah Ya yi mata albarka, yau har da jikokinta. Amma ba a taɓa ce mata mai sunan Gwaggo ba, ba wanda ya taɓa kallonta ya yi wa marigayiyar addu'a. Matar da ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, sunan nan ne kaɗai abin da za ta bari. Yau a zuriyarmu, in ka ɗebe ni, babu mai iya faɗinsa.

Shi ya sa masu cewa "duk ɗaya ne" suka fi kowa ba ni haushi. Maryam da Mariya ɗaya ne? Maryam mahaifiyar Annabi Isa ce, ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, da sura sukutum. Mariya kuwa daga Masar ta zo, ita ta haifa wa Manzon Allah (SAW) ɗansa Ibrahim. Kowacce da tarihinta, kuma haƙƙin yarinya ne idan ta yi wayo a gaya mata wacce aka nufa. Na Asiya ya fi wannan nauyi. Akwai Asiya matar Fir'auna, wadda ta reni Annabi Musa, mace salihar gaske. Akwai kuma wani sunan Larabci da bakinmu ke furtawa kusan haka, mai nufin mai saɓo. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wata 'yar Sayyidina Umar shi ne sunanta, Manzon Allah ya sauya mata da Jamila. To wanda ya tsinci suna a waya, da baƙaƙen boko, ta ina zai bambance? Malaman da za su warware masa suna nan, Zariya kuwa ba nisa.

Kada a ce tsoho ya hana sabon abu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya bar abin da aka saba: Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ce da ɗan'uwanta Hasan, amma bai sa mata Usaina ba, ya sa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ya san wadda ya nufa. Kuma sa suna haƙƙin uba ne, ba na kaka ba. Na ga gidajen da tsofaffi suka ƙaƙaba suna da ƙarfin tsiya, uwar ta ƙi kiransa har yarinya ta yi aure. Wannan ma ɓarna ce. Idan uba ya ce Munira yake so, ni ba ni da ta cewa.

Sai dai zuciyata ba ta bin wannan maganar tawa. Da zarar na faɗe ta sai gwaggo ta faɗo mini a rai.

Zamaninmu ma ba a wanke yake tas ba. Mun binne sunaye da yawa a ƙarƙashin laƙabi. Wadda aka haifa ran Lahadi ta zama Ladi, ta Alhamis Lami, wadda ta biyo maza Kande ko Delu, har a kai ta kushewa maƙwabta ba su san sunanta na yanka ba. Da aka buɗe makarantun firamare na shirin UPE a 1976, yara da dama da laƙabinsu aka rubuta su a rajista, haka suka tafi da shi. Amma alkunya daban take. Yarinyar da ake kira Ummi ko Walida ko Hajiya, kowa ya san sunan uwar maigida ta ci, ana sakaya shi ne don girmamawa. Sunan ba ya fita a baki, amma mai shi tana nan a gidan kullum. Kaka ma ta samu kishiyar da za ta riƙa tsokana.

Ga kuma wahalar da ba mu sani ba a da. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Yarinya ce a takardar haihuwa Safiya, a firamare Safiyya, a sakandare ƙawaye suka ce Sofiya ya fi zamani, ta rubuta haka. Ranar da za ta nemi gurbin karatu sai a ce mata uku ne. Uba ya bar tumatir ɗinsa yana nuna a fadama, ya shiga zirga-zirgar rantsuwa a kotu da gyaran takardu. Harafi ɗaya tak, kuma mu ne muka jawo da sakacinmu.

Ku samarin da matanku ke da ciki, roƙona gare ku ƙarami ne. Duk sunan da kuka tsayar, ku rubuta shi tun ranar suna, ku riƙe rubutu ɗaya a kowace takarda. Amma kafin ku buɗe waya, ku shiga ɗakin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ku zauna, ku ce, "Iya, faɗa mana sunayen yanka na matan gidan nan da suka riga mu, da masu 'ya'ya da waɗanda ba su bari ba." Ku tafi da biro da takarda. Ku yi sauri, don a yawancin gidajenmu mutum ɗaya ko biyu ne suka rage da suka san sunayen nan.