Ruwan Hazzanin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Nakkasa ta Makka a watannin zafi ya san ba a buɗe famfo da azahar a tara hannu kai tsaye. Ruwan yana saukowa ne daga hazzani, wato tankin ruwan da ke kan rufin gida, wanda rana ke duka tun hantsi, sai ya fito kamar an sauke shi daga murhu. A makona na farko a gidan da na sauka, na zo yin alwala na janye hannu da sauri. Hajiya mai gidan, dattijuwa ce da ta haura shekara arba'in a Makka amma Hausarta ta Katsina ba ta gurɓata ba, tana zaune a bakin ƙofa tana kallona.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba na alwalar rana ba ne. Ɗauki bokiti ka sauka ƙasa."

Na ce, "To, Hajiya."

A ƙasan gidan akwai wani hazzanin, na siminti, a binne. Cikinsa motar wayit, wato tankar ruwa, ke juye ruwa, daga nan injin dinamo ya tura shi sama. Na ɗaga murfin ƙarfen na zura bokiti. Ruwan da ya fito ba mai sanyin ƙanƙara ba ne, ba ma kamar na randa ba, amma fata tana karɓarsa da daɗi. Ruwa ɗaya ne, mota ɗaya ta kawo shi a rana ɗaya. Na sama rana ta gasa shi, na ƙasa kuwa ƙasa ta rufa masa asiri.

Abin ya tuna mini rijiyar gidanmu. Da hunturu, in aka ja guga da asuba, ruwan yakan fito da ɗumi, wani lokaci har ka ga ɗan tururi a bakin rijiyar. Da bazara kuma rijiyar nan dai ita ke ba da ruwa mai sanyi. Muna yara mun ɗauka rijiya ce ke sauya hali don ta kyauta mana. Ashe ruwan yana nan kusan yadda yake duk shekara, iskar waje ce ke hawa da sauka. In aka nutsa mita goma zuwa goma sha biyar, zafin rana da sanyin dare ba sa kaiwa can, haka ma bambancin damina da rani. Ƙasa tana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin garin na shekara guda.

A kan wannan halin ne aka gina wata na'ura da ake ƙara sanyawa a sababbin makarantu da asibitoci da manyan kantuna a ƙasashen sanyi. Wanda ya taɓa dafa bayan firji ya ji ɗumi ya riga ya san rabin aikinta. Firji ba ya ƙera sanyi, zafin cikinsa yake kwasowa ya zubar a baya. To ita wannan na'ura, maimakon ta yi musayar da iska, da ƙasa take yi. Ana haƙa ramuka kamar na burtsatse, sau da yawa mita ɗari ko fiye, a zura bututun roba mai lanƙwasa, a cika shi da ruwa, ruwan ya riƙa zagayawa ba tare da ya fita ba. Da sanyi ya ɗebo ɗumin ƙasa, na'urar ta ƙara masa ƙarfi ta watsa cikin ɗakuna. Da zafi a juya aikin, a kwashi zafin ɗakuna a kai wa ƙasa ajiya. Tun da jigilar zafi take yi, ba hura wuta ba, lantarkin da ta ci kashi ɗaya yakan isar da ɗumi kashi uku zuwa huɗu.

Tunanin ba na jiya ba ne. Wani injiniya a Suwizalan, Heinrich Zoelly, ya yi rajistar dabarar jan zafi daga ƙasa tun 1912. A Amurka, Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta fara irin wannan aiki a 2009, ta haƙa ramuka sama da 3,000 domin ɗumama da sanyaya gine-gine 47, kuma a 2014 ta daina ƙona kwal a tukwanenta huɗu.

A Makka babu mai neman ɗumama ɗaki. Neman sanyi ake yi, kuma ba don jin daɗi kawai ba. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Haramin kansa ana sanyaya shi da ruwan sanyi da ake turowa ta bututu daga manyan tashoshi biyu, ta Ajyad da ta Shamiyya, filin ɗawafi kuma an shimfiɗe shi da farin marmara na tsibirin Tasos na ƙasar Girka, wanda ke mayar da hasken rana har a iya taka shi ba takalmi. Amma ka baro Harami ka hau lungunan unguwanni irin namu, can kowa da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, a taga. Yana ruri, yana ɗigar da ruwa a kan mai wucewa, yana feso iska mai zafi cikin lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Ɗakina ya yi sanyi, zafin da na kora kuwa yana bugun bangon maƙwabcina, shi ma nasa yana bugun nawa. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin wanda ya fi shan wuyarsa shi ne wanda ba ya cikin ɗaki: mai talla, mai shara, tsohuwar da ke hawa tudu da ledar cefane.

To me zai hana a zuba wannan zafi a ƙasa? Maganar ba ta da sauƙi haka, kuma bai kamata a ruɗi kowa ba. Matsakaicin zafin Makka na shekara ya kai digiri 30, don haka ƙasar ma da ɗuminta. Shi ya sa ruwan hazzanin Hajiya bai yi sanyin randa ba. Duk da haka injin da ke tura zafi cikin ƙasa mai digiri 30 da ɗoriya ya fi samun sauƙi a kan wanda ke kokawa da iska mai 45. Babbar matsalar ita ce a ƙasashen sanyi abin da aka ajiye da bazara ana ɗebe shi da hunturu, nan kuwa ajiya ce kullum babu ɗiba. Shekara da shekaru ƙasar da ke kewaye da bututun za ta yi ta ɗaukar zafi har ta ƙoshi, sai dai in an haɗa da wata hanyar fitar da shi. Ga kuma duwatsun Makka masu tauri da tsadar haƙa.

Inda na fi ganin abin zai yi mana rana shi ne gida. A Kano da Zariya da Maraɗi ƙasa ta fi ta Makka sanyi, muna da dararen hunturu, kuma masu haƙa burtsatse sun cika gari da injinansu da gwanintarsu. Akwai ma hanyar da ba ta bukatar injin mai tsada: a binne manyan bututu a zurfin mita biyu ko uku, iska ta bi ta ciki ta huce kafin ta shiga ɗaki. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci babbar lambar yabo ta masu zanen gini ta Pritzker a 2022, ya sa irin wannan dabara a zanen makarantar sakandaren ƙauyensu, Gando. Kakanninmu da suka gina soro mai kaurin bango suka kafa randa cikin jiƙaƙƙen yashi ba za su yi mamakin wannan ba. Mu ne muka koma bulo da kwano da gilashi, sannan muka ɗora wa janareta nauyin gyara abin da muka ɓata.

Kuɗin irin wannan aiki a farko yake, wajen haƙa da binne bututu, kuma lokacinsa ɗaya ne tak da yake da araha: kafin a zuba harsashi, fili na buɗe, motocin tono suna wurin. In gini ya tashi, an shafe haraba da siminti, shi ke nan an makara.

Don haka ina roƙon masu ba da kwangilar sababbin asibitoci da ajujuwa da kasuwanni a jihohinmu, da kwamitocin gina masallatan Juma'a, da injiniyoyinmu na jami'o'i: kafin a sa hannu a kan zane, a tura ma'aunin zafi cikin rijiya ko burtsatsen da ke kusa da filin, a auna da bazara, a auna da hunturu, a ajiye lissafin a gaban mai zanen ginin.