Inda Zuciya Ta Karye

Bahaushe bai ɗauki karayar zuciya abin yabo ba. Tun yaro yana tatata ake horar da shi da dauriya: in ya faɗi a ce masa namiji ba ya kuka, in ya girma a tuna masa haƙuri maganin zaman duniya. A ƙasar Kurfai, inda kakanni suka yi suna wajen jarumta, wannan horo ya fi tsanani. Mutum zai binne ɗansa da hantsi, ka gaishe shi da la'asar ya ce maka sai godiya. Ba na raina wannan hali, domin shi ya riƙe mutanenmu a farin 1973 da na 1984, da kuma ƙarancin cimakar 2005. Amma ni Kirista ne, kuma bangaskiyata ta koya mini wani abu da nake so in ajiye kusa da dauriya: Allah ba ya jira sai mutum ya share hawaye kafin ya matso kusa da shi.

Wannan koyarwa daɗaɗɗiya ce. Zabura ta 34 da ta 51, waɗanda ake dangantawa da Dawuda, suna nuna cewa wanda baƙin ciki ko nadama suka murƙushe shi ne ya fi kowa samun kusancin Ubangiji. A cikin Linjilar Luka, sura ta 18, Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga haikali yin addu'a. Ɗaya ya tsaya yana lissafa azuminsa da zakkarsa. Ɗayan, mai karɓar haraji da jama'a suka tsana, ya kasa ko ɗaga kai, jinƙai kawai ya roƙa, kuma shi aka karɓa. Mu Kirista mun gaskata cewa Allah ya kusato mu cikin Yesu Almasihu, wanda aka haifa aka kwantar a komin dabbobi, ya taɓa kuturu da hannunsa, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru, ya kuma sha azabar gicciye. Na san a nan muka rabu da ƴan uwana Musulmi, ba kuma don gardama na kawo zancen ba.

Maganar tana da sauƙin faɗi a lokacin yalwa. Amma mutumin Abala yana da haƙƙin ya tambaya: ina kusancin yake? A 2012 dubban ƴan gudun hijira daga Mali suka sauka a gefen garin. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin. A Janairun 2020 aka kashe sojoji 89 a Cinagodar, a Maris na 2021 kuma aka hallaka mutum 58 a yankin Banibangu, maƙwabcinmu, wasunsu suna dawowa daga cin kasuwa. Ɗaruruwan makarantu suka rufe a jahar Tilaberi, manoma da yawa suka bar gonakin gero da suka gāda. Wanda ya ga wannan duka, ka ce masa Allah yana kusa, in ya yi shiru kada ka zarge shi.

Ban da wata amsa da ta wuce abin da na gani. Kirista ƴan kaɗan ne a ƙasar Filinge. Yawanci ma'aikata ne da malaman makaranta da aiki ya kawo, kuma ɗaki guda kan ishe su sujada ran Lahadi. Lokacin da wani abokin aikina ya rasa ƙanensa soja, babu fasto kusa, babu dangi. Maƙwabtansa Musulmi ne suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa suka zauna kwana uku, kamar yadda ake wa kowa. Wani dattijo a cikinsu, da ya ga hawaye sun ƙwace masa, bai ce masa ya daure ba, sai ya matso ya dafa kafaɗarsa ya ce, «Malam, yi abinka, muna nan.» Daga baya abokin nawa ya faɗa mini cewa ya yi shekaru yana karanta waɗannan Zabura, amma a kan tabarmar nan ya gane su.

Zaman makoki ba ya mayar da mamaci. Abin da yake yi shi ne ya hana mai rashi zama shi kaɗai. Haka na fahimci alkawarin: Allah bai ce masifa ba za ta zo ba, ya ce ba zai bar wanda ta faɗa wa ba, kuma sau da yawa ta hannun mutum yake cika wannan alkawari.

Akwai hatsari a nan wanda ya kamata a faɗa. Ana iya ɗaukar wannan koyarwa a rufe bakin talaka da ita, a ce masa ya yi tawali'u ya bar wa Allah, alhali haƙƙinsa ake ci. Tawali'u daban, wulaƙanci daban. Wanda ya gaskata cewa Allah yana wurin masu karyayyar zuciya, wajibi ne ƙafarsa ta kai shi can. Wannan tunani ne ya kafa asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi, inda akasarin masu zuwa neman magani Musulmi ne.

Ga mu malamai, abin bai yi nisa ba. A azuzuwanmu akwai yaran da suka baro ƙauyukansu da dare, akwai waɗanda suka rasa uba. Sun iya cewa lafiya lau tun kafin su iya rubuta sunansu. Mu ci gaba da koya musu dauriya, gama za su buƙace ta. Amma in wata rana yaro ya kifa kai a kan tebur, kada mu yi saurin ce masa namiji ba ya kuka. Mu ajiye alli, mu ja kujera mu zauna kusa da shi.