Addu'ar wa Allah ya ji a Abidjan?

 Tun da aka gama gasar cin kofin Afirka, tambaya ɗaya nake ta ji, daga ɗalibaina a kwalejin tauhidi da kuma daga wasunku a zumunta: Pasto, mun yi wa Super Eagles addu'a, wasu har da azumi, me ya sa Allah bai amsa ba? Wasu da wasa suke yi, wasu kuwa da gaske suke, ana ganin abin a fuskarsu. Tambaya ce da ta cancanci amsa.

A tuna yadda aka yi. Ranar Lahadi, 11 ga Fabrairu 2024, a filin Alassane Ouattara da ke Abidjan, William Troost-Ekong ya ci mana da ka kafin hutun rabin lokaci. Na tabbata a wannan lokacin da yawanku kun riga kun ce Allah ya amsa. Bayan hutu Franck Kessié ya farke, a minti na 81 kuma Sébastien Haller ya ɗaga ƙafa ya taɓa ƙwallon da Simon Adingra ya aiko masa, ta shige. Biyu da ɗaya. Aka watse daga gidajen kallo shiru, kamar an dawo daga jana'iza.

To amma ku ɗan tsaya a wancan gefen filin. A Abidjan ma akwai majami'u, akwai zumuntar matasa irin tamu, kuma su ma sun durƙusa. Ƙasarsu ta shiga gasar a gidanta, mu muka doke ta ɗaya da nema a rukuni, Ikwatoriyal Gini ta zuba mata huɗu ba ko ɗaya, aka sallami koci Jean-Louis Gasset ana tsakar gasa. Ba don Maroko ta ci Zambiya ba, da sun tattara kayansu tun a zagayen farko. Emerse Faé, wanda mataimaki ne kawai, ya karɓi ragamar. Suka fitar da Senegal mai riƙe da kofi a bugun fenariti, suka fitar da Mali da mutum goma a ƙarin lokaci. Shi kuwa Haller, a watan Yulin 2022 likitoci suka gano yana da ciwon daji, bai daɗe da sa hannu da Borussia Dortmund ba. An yi masa tiyata, ya sha magani mai wuya, sai a Janairun 2023 ya koma fili. Da ɗan ikkilisiyarmu ne, da mun ba shi makirfo ranar Lahadi ya ba da shaida, muna tafi. Ashe abin da muka kira rashin amsa a nan, wani gida a can godiya ya yi a kansa har gari ya waye.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin gasar. A 1994 ina yaro, muka taru gaban talabijin ɗin maƙwabta muna roƙon Allah ya ba Najeriya kofi a Tunisiya. Ya kuwa zo: Emmanuel Amuneke ya ci biyu, muka doke Zambiya biyu da ɗaya. Su wane ne waɗannan Zambiyawan? Shekara ɗaya kafin nan, a Afrilun 1993, jirgin da ya ɗauko tawagarsu ya faɗa teku kusa da Libreville a Gabon. Mutum 30 suka mutu, 18 daga cikinsu ƴan wasa ne. Kalusha Bwalya ya tsira don ba ya cikin jirgin, shi ya jagoranci sabuwar tawagar da aka haɗa cikin makoki har zuwa wasan ƙarshe. Idan tausayi ne ke raba kofi, su suka fi mu cancanta a wannan rana. Sai bayan shekara 18, a 2012, suka ɗauki kofin, a Libreville ɗin kuwa, suka doke Kwaddebuwa takwas da bakwai a fenariti. Kafin wasan sun je bakin tekun sun ajiye furanni. Duk mai son ya karanta nufin Allah daga allon sakamako, ya fara bayyana mana wannan tukuna.

A ajinmu na Tsohon Alkawari nakan tsaya a kan Yoshuwa sura 5. Yoshuwa ya haɗu da wani mutum riƙe da takobi kusa da Yariko, ya tambaye shi ko yana tare da su ne ko da abokan gabansu. Mutumin bai zaɓi ko ɗaya ba, ya nuna masa cewa shi shugaban rundunar Ubangiji ne, Yoshuwa ya faɗi ƙasa. Wannan fa a yaƙi ne, inda rayuka ke kan gaba. Balle wasan da mutum ashirin da biyu ke bin fata guda. Ni a ganina ba laifi Kirista ya so ƙasarsa ta ci, ni ma na yi tsalle sa'ad da Stanley Nwabali ya tare fenariti biyu na Afirka ta Kudu. Ba laifi kuma ka gaya wa Allah abin da zuciyarka ke so, ya riga ya sani. Inda na rabu da wasunku shi ne maida shi kamar mai ba da sa'a, wanda za a yi wa azumi ya biya da ƙwallo a raga, in bai biya ba a yi fushi da shi.

Abin da ya fi damuna ma ba tambayar ba ce. Abin da ya biyo bayan wasan ne. A daren nan aka yi wa Alex Iwobi ca a intanet, zagi ta uwa ta uba, har ya goge hotunansa a Instagram. Saurayin nan koci José Peseiro ne ya mayar da shi baya-baya a tsakiyar fili yana aikin tsaro, ba inda ya saba a Fulham ba, kuma an riga an canza shi kafin ƙwallon Haller ta shiga. Na ga wasu daga cikin rubuce-rubucen, kuma na san wasu masu su, domin nakan gan su riƙe da makirfo a ƙungiyar waƙa. Da safe sun bi da mu cikin yabo, da dare da wannan wayar da ke ɗauke da Littafi Mai Tsarki suka la'anci ɗan wani. Yakubu sura 3 ta yi magana a kan daidai wannan, bakin da ke yabon Allah ya juya yana tsine wa wanda aka halitta cikin kamanninsa. Yatsa a kan waya ma harshe ne. Ba ka gan shi ido da ido ba, amma yana da uwa, kuma ita ma tana karatu.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ba duk fushin nan ne na kishin ƙasa ba. Wasu kuɗi suka zuba a caca, a shagon bet ko a waya, kuma ba kuɗin wasa ba. Wata uwa ta zo ofishina a makon da ya biyo, ɗanta ya ɗauki kuɗin rajistar jarrabawar da ta haɗa da sayar da masa, ya sa a kan Najeriya, domin ya tabbata za mu ci. Ya ce mata har addu'a ya yi a kai. Irin wannan yaro in ya zagi Iwobi, takardar cacarsa yake kuka. Kwanaki kaɗan kafin nan, a wasan kusa da na ƙarshe, jaridu sun kawo labarin ƴan Najeriya da suka yanke jiki suka faɗi suna kallo, ba su tashi ba. Waɗannan iyalan fa, wa ya tuna da su a addu'ar da aka yi wa kofi?

Cikin hayaniyar nan mutum ɗaya ya burge ni, Ahmed Musa, ɗan Jos, kyaftin ɗin tawagar a lokacin. Bai shiga fili ba a wasan ƙarshe, ba wanda ke zaginsa, da ya yi shiru ba mai ganin laifinsa. Ya fito a shafinsa ya roƙi mutane su bar Iwobi, ya tuna mana cewa tawaga tare take ci, tare take faɗuwa. Musulmi ne, kuma abin da muke koyarwa a kan ɗaukar nauyin juna shi ya yi a fili, alhali da yawa daga cikinmu muna kallo.

Saboda haka ina roƙon shugabannin zumunta, a taronmu na wannan mako a ware minti goma. Duk wanda ya san ya rubuta zagi a daren nan, ya buɗe wayarsa ya goge, ba sai ya tashi ya faɗa wa kowa ba. Wanda kuma caca ta riƙe, ƙofata a buɗe take bayan sujada, kuma ba zan fara da kiran iyayenka ba.