Gidan Makama a Bangon Aji

Ƙanwata tana aji shida a Zurmi, ba ta taɓa taka gidan tarihi ba. Tun da aka sace ɗaliban Jangebe a 2021, wane uba zai saki 'yarsa yawon buɗe ido, ko da zuwa Ƙaura ne ko Shinkafi, balle Kano?

A Amurka, Smithsonian na koyar da yara ta bidiyo kai tsaye: ma'aikaci ya ɗaga kayan tarihi, ɗalibai su yi tambaya daga ajinsu. Me zai hana Gidan Makama na Kano ya nuna wa yaranmu kayan yaƙin da haka? Waya, sola da majigi sun isa, in dai akwai sabis, don ba mu manta yanke shi a Satumban 2021 ba.

'Yan kwamfuta, wallahi ga furojet.