Saran Gatari a Filin Golf

Jama'a, da yawa cikinku za su yi mamakin ganin zancen golf a wannan shafi, don an ɗauka wasan masu hannu da shuni ne. To, mu dai yaran Zango ne da muka taso a Ankara muna saɓa jakar mutane a filin Achimota, sanduna 14 a kafaɗa, ramuka 18 a ƙafa, abin da aka sallame mu da shi kuwa shi ne kuɗin cefanen gidajenmu.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun iya faɗa wa maigida inda bugunsa ya ɓaci, amma ran da aka bar mu muka buga da kanmu, sai ƙwallo ta tashi ta lanƙwasa dama kamar ayaba ta faɗa cikin daji. Ƙwallo ɗaya in ta ɓata, wani kaso na ladan yini ya tafi. Abin da ya fi ciwo shi ne wani maigida ya taɓa ganin bugunmu daga nesa, daga ranar bai sake neman shawararmu ba, ya koma wajen wani yaron.

Tsakaninmu muna kiran wannan ciwo saran gatari. Wato mutum ya ɗaga sanda har sama, garin son ya dake ta da ƙarfi sai kafaɗar dama ta riga kowa tafiya, hannuwa su yi waje. Sanda sai ta sauko a tsaye ta yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki. In fuskar sanda a buɗe take, ƙwallo ta karkace dama. In fuskar ta bi hanyar saran, ta miƙe hagu. Wannan ga mai bugu da dama ke nan, bahago sai ya juya lissafin.

Wani dattijo da ya tsufa a ɗaukar jaka ne ya cece mu. Ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Samari, itace kuke faskare ko ƙwallo kuke bugu?" Muka ce, "Baba, ai ƙarfi muke nema." Ya yi dariya, ya kama hannun ɗayanmu.

Da riƙo ya fara. Ya nuna mana cewa hannun hagunmu ya kwanta ƙarƙashin sanda, shi ya sa fuskar take buɗewa, mu kuma don tsoron dama sai mu ƙara sara hagu, ciwon ya ƙaru. Ya sa muka murza hannun har muna ganin gaɓoɓin yatsu biyu ko uku. Sannan ya ce saukowa daga ƙasa take farawa: nauyi ya koma ƙafar hagu, ƙugu ya biyo, gwiwar hannun dama ta faɗo kusa da haƙarƙari, baya kuma ya ɗan ƙara jimawa yana kallon tuta. Ya ce mu tuna yadda muke wurga dutse ya yi tsalle a kan ruwa, ai ba wanda yake jefa shi daga saman kai.

Daga nan ya ajiye kwalin takalmi a gefen ƙwallo ta waje, tazarar yatsu uku. Duk wanda ya yi saran gatari, kwali zai daka. Makon farko kwalin ya sha wuya, sai da muka canza uku. Ya hana mu bugu da ƙarfi, rabin ɗagawa kawai, kuma mu ɗan dakata a sama kafin mu sauko.

Daga baya ne muka gane cewa abin da Baba ya koya mana a rubuce yake. Ben Hogan, a littafinsa na 1957, ya nanata cewa ƙugu ne yake fara saukowa. Harvey Penick ma, a ɗan jan littafinsa na 1992, mayar da nauyi hagu da sauke gwiwar hannun dama ya haɗa wuri guda. Na'urorin auna bugu irin su TrackMan sun nuna cewa fuskar sanda ita ta fi yanke inda ƙwallo za ta fara nufa, bambancinta da hanyar sanda kuma shi ke lanƙwasa ta. Dakatawar sama kuwa, wanda ya kalli Hideki Matsuyama na Japan lokacin da ya ci gasar Masters a 2021 ya gan ta da idonsa.

Sai da muka yi wajen wata uku kafin hannu ya saba. Har yau, ranar da ake kallonmu ko aka sa ɗan kuɗi a kan rami, kafaɗar nan takan so ta koma gidan jiya, sai mu ja numfashi mu tuna kwalin Baba.

Ga ƙannenmu masu ɗaukar jaka yanzu: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku nemi kwali, ku sa ɗan'uwa ya tsaya bayanku da waya ya ɗauki bugunku, ku duba da kanku. Maigida ya fi amincewa da shawarar yaron da ya ga ƙwallonsa ta tafi miƙe. Allah ya jiƙan Baba, mu kuma ya sa mu dace.