Ranar da Makiyayan Kajiji Suka Zama Teloli

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na koma gida Kajiji, cikin ƙaramar hukumar Shagari, ina zaman jiran aiki. Sai kawuna, magatakardan wata ƙungiyar masu sana'a, ya miƙo mini littafin rajistarsu ya ce in zuba shi a kwamfuta, domin masu ba da tallafi sun ce dole kowane suna ya zo da lambar sana'arsa.

Lambobin na tsarin ISIC ne, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da bugunsa na huɗu a 2008. Wannan bugu hawa huɗu gare shi: manyan sassa 21 masu haruffa daga A zuwa U, rassa 88, rukunoni 238, sai azuzuwa 419. Noman shinkafa 0112 ne, injin niƙa 1061, gyaran babur 4540, aski kuwa 9602. Na ga abin ba wuya, cikin kwana uku na kammala.

Ranar taro muka zauna a inuwar darbejiya, ina karanta sunaye. Da na zo kan wani dattijo mai garken shanu, sai na ce, "Sana'a, ɗinki." Wuri ya yi tsit. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Ɗana, ni ko zare ban taɓa zura wa allura ba." Aka bushe da dariya. Na duba ƙasa, ashe duk makiyayan sun koma teloli.

Laifina ne. Kiwon shanu 0141 ne, ni kuwa na bar gurbin a matsayin adadi, manhajar ta haɗiye sifilin farko. Abin da ya rage, 141, shi ne rukunin ɗinkin tufafi. Da dare ina gyara, sai ga wata kuma: wasu tsofaffin takardu sun ba masu shanu 0121. A bugun 2002 haka yake, amma a na 2008 lambar ta koma noman inabi. Inabi a Kajiji!

Kawu ya leƙo, ya saurari kukana, ya ce, "Kai da ka san sunan mutum ba ya isa sai an ce ɗan wane ne?" Wannan magana ita ta warware mini ƙullin. Na sake gina rumbun bayanan kamar jerin zuriya. Jadawali ɗaya, kowane layi da lamba, da sunan sana'a da Hausa, da hawanta, da bugun da ta fito, da kuma uwarta: 0141 ɗiyar 014, ita kuma ɗiyar 01, har a kai ga A. Gurbin uwa ya zama dole, don harafi ba ya cikin lambar. Sashen C ya kwashe daga 10 har 33, ba yadda za a gane shi daga ƙwayar farko. Lambar kuma na ajiye ta a matsayin rubutu, kamar lambar waya, tunda ba tara ta ake yi ba.

Saura matsalar mutanenmu, da ba su tsayawa kan sana'a guda. Mai noman gero da damina shi ne mai facin taya da rani. Sai na buɗe jadawali na biyu mai haɗa mutum da sana'o'insa, da alama a kan wadda ta fi ciyar da gidansa.

A taro na gaba na kira sunan dattijon na ce, "Kiwon shanu, Baba." Ya ce, "Yanzu ka yi karatu." Har yau in mun haɗu, tela yake kirana.