Zaman Makokin Da Babu Kabari

Ina cikin duba takardun jarrabawa a Sakkwato, bayan sallar La'asar, ƙanena ya kira ni daga Kamba. Bai tsaya gaisuwa ba, sai ya ce, "Yaya, laftanar ɗin gidan Baba mai shinkafa ya rasu a Borno." Na daɗe riƙe da wayar ban ce komai ba. Yaron nan ni na zauna da shi muka cike takardar neman shiga makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, kuma ni na lallashi mahaifinsa har ya amince. Bai kai shekara talatin ba, aurensa kuma bai cika shekara biyu ba.

Washegari da asuba na kama hanya ta Birnin Kebbi. Da na isa, na tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gidan har bakin titi. Duk wanda ya san Kamba ya san gari ne da kan iyaka ta kasa raba zumuncin mutanensa. Masu ta'aziyya sun zo daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wasu sun tsallako Kogin Kwara daga Malanbil ta ƙasar Benin, ga 'yan uwa daga Bagudo da Lolo da Dole-Kaina. Ana gaisawa da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, addu'ar dai iri ɗaya ce. Abu ɗaya ne babu a wurin: gawa. An riga an yi masa sutura a Maiduguri tare da abokan aikinsa, fiye da kilomita dubu daga ɗakin da aka haife shi.

A ƙasar Hausa mutuwa tana da matakan da ke taimakon zuciya ta yarda da abin da ya faru. Ana wanka, ana sa likkafani, ana sallah, ana ɗaukar makara a kafaɗa, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa. Duk wannan bai samu ba. Har ƙaramar muhawara ta tashi tsakanin malamai a kan sallar ga'ib. Matasa suka kawo hujja da sallar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Najjashi sarkin Habasha, dattawan da suka tashi a kan mazhabar Malikiyya kuma suka ce tunda an sallace shi a can, addu'a ta wadatar. Mahaifinsa ne ya kashe maganar. Ya ce a yi masa addu'a kawai, Allah ya san inda yake kwance.

Da dare ya yi, jama'a suka ragu, na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri ya zama dole, Malam." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai wani littafi na gwamnati da ake rubuta sunan irinsu, wanda jikansa zai iya buɗewa wata rana ya gani. Shekara goma sha biyar ina koyar da tarihi, amma na rasa amsar da zan ba tsohon nan.

Gaskiya ce ƙasa tana tunawa da wasu. Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya yi fice wajen ƙwato Baga a 2015, ya faɗi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, Nijeriya duka ta yi jimami. Laftanar-Kanar Ibrahim Sakaba ya rasu a Metele a watan Nuwamba 2018, sunansa ma ya zagaya jaridu. Sun cancanci hakan da fiye da haka. To amma sojojin da suka mutu tare da su, mutum nawa ne cikinmu zai iya ambaton sunan ko da ɗaya? Tun 2009 ake wannan yaƙi, kuma mafi yawan waɗanda ya ci alƙaluma ne kawai a kanun labarai. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara manya su ajiye furanni, a saki tantabaru, a watse. Tsohon da ke Kamba ba ya cikin lissafin wannan biki.

Abin da ya ƙara wa makokin nauyi shi ne yaƙin da yaron ya tafi yi a gabas ya fara leƙo mu ta yamma. A Nuwamba 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, kuma tun daga lokacin ƙauyukan kan iyaka ba sa barci da ido biyu rufe. Wani dattijo a wurin zaman ya ce, da 'ya'yan wasu ake tsaron mu, kamar yadda aka yi tsaron wasu da ɗanmu. Wannan magana ta fi mini laccoci da yawa a kan ma'anar zama ƙasa ɗaya.

Ba na jin ya kamata mu jira Abuja ta amsa tambayar Baba. Garuruwanmu suna da ƙungiyoyin ci gaba, da hakimai, da malaman makaranta, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Rubuta sunan kowane ɗan gari da ya mutu a bakin daga, da ranar rasuwarsa da wurin da aka binne shi, ba ya bukatar kasafin kuɗi. Haka nan tuna matarsa bayan addu'ar arba'in, lokacin da tabarmi za su naɗe ita kuma tana da sauran takaba har wata huɗu da kwana goma, da goyo a bayanta.

Kafin in baro gari na sayi littafi mai kauri a kasuwa, na rubuta sunansa a shafin farko, na damƙa wa shugaban makarantar firamaren da ya yi. Kafin mako ya zagayo ya kira ni, ya ce iyaye sun kawo ƙarin sunaye, har da na wani da bai dawo ba tun yaƙin basasa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.